Askar da Ta Tsira

"Ajiye soson nan!" na ce, na fizge shi daga hannun matar mai gida.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, mai digiri, wankin ma sai da lacca? Taimako fa na zo yi."

Taimakon ya riga ya yi ɓarna. Asaken Baba Mai Aski ne a cikin roba, ta dirje su da toka da soson ƙarfe kamar gindin tukunya. Farin shafen jikinsu ya kwaile, duk sun yi zane-zane. Ɗaya ce ta tsira, mai ƙotar ƙaho, don tana ƙarƙashin matashinsa.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya sa aka sakaya masa ƙofa. Gashi ya cinye masa fuska, ya rantse ba mai ganin mai aski kamar gonar da aka yasar. Ɗansa ya aiko da injin aski, shi bai zo ba. Baba ya ce a mayar, shi ba tunkiya ba ne.

Na kai masa waɗanda aka ɓata. Ya daɗe yana kallonsu, bai yi faɗa ba.

"Ƙarfe ba ya son ƙarfi, 'yata. In fatarsa ta tafi, tsatsa ta samu ƙofa." Ya turo mini mai ƙotar ƙahon da hannunsa mai lafiya. "Kina da haƙuri?"

"Ni da nake yawon neman aiki har takalmina ya huje? Kawo, Baba."

Ita ma tsatsa ta fara yi mata ɗigo-ɗigo a mahaɗa. Kullum na dawo daga ofisoshin da ke ce mini in dawo gobe, sai in zauna a bakin gadonsa. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, tsohuwar singiletinsa da ta yi laushi, ɗigon man keken ɗinki. Shafa ɗaya, daga gadon bayan askar zuwa bakinta, ba a komawa. Inda tsatsa ta yi taurin kai, auduga a kan tsinken ashana.

"An gama boko an ɓuge da goge wuƙa," in ji matan tsakar gida.

Na ɗaga labule. "Ku ƙara murya, Baba bai ji ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar da ta ɗauki ƙyalli, ya juya ta a hasken taga, ya sa na riƙe masa fatar wasawa ya ja ta a kai. Sannan ya miƙo mini.

"To, yi mini."

"Baba, ban taɓa ba."

"In kin yanke ni ba zan kai ƙara ba."

Na shafa masa kumfa. Ya kama wuyan hannuna yana ja a hankali, askar na ƙas-ƙas, farin gashi na zuba kan tawul. Fuskar da na manta ta fito, ramammiya, tsaf.

"Buɗe ƙofar," ya ce. "Fitar mini da kujera."

Na sa masa wankakkiyar riga, na tallafe shi har bakin titi. Ya zauna a miƙe, haɓa a sama. Injin sabon shagon askin da ke tsallake na ta ƙugi. Mutane na wucewa, har da waɗanda ya aske wa kai tun suna kuka a cinyar iyayensu. Wani ya ɗaga hannu daga kan babur, bai tsaya ba.

"Bai gane ni ba ne," Baba ya ce. "Kin mayar da ni saurayi."

"Ai sai 'yan mata sun yi layi."

"Ɗebo mini ruwa kafin su iso."

Da na dawo da kofin, kansa ya karkata kan kafaɗa. Na kira shi, na sake kira. Babu numfashi. Na ajiye kofin a ƙasa.

A bayan kunnensa akwai 'yar kumfa da ta bushe. Na sa bakin mayafina na goge ta, motoci na ta wucewa.