Tattabarar da Ba Ta Je Baracoa Ba

Osmany ya riga ya miƙa tattabarar, Remberto ya ɗaga zoben roba na shiga tsere zai zura mata a ƙafa, sai rediyon da ke kan taga ya sake maimaita cewa hadari na haɗuwa a gabas. Osmany ya janye hannunsa.

Remberto shi ne sakataren ƙungiyar masu tattabarun tsere ta Regla, unguwar da ke tsallaken ruwa daga Havana, kuma ba ya son a tsayar masa da layi. Ya dubi Osmany ta saman tabarau.

"Malam, sa ta ko ka matsa. Mota ba za ta jira tsoronka ba."

Na bayansa suka yi dariya. Wani ya ce ai tattabarar Tsoho Evelio ce, a bar ta ta yi sallama da gari, don tattabarun Evelio in sun tafi Baracoa can suke yin aure su zauna.

Osmany ya fita da ita bayan rumfar ƙungiyar ya tsaya. Ceniza sunanta, wato toka, saboda launinta. Tana kwance a tafinsa shiru, ko motsi ba ta yi, kamar hayaniyar wurin ba ta shafe ta ba.

Kowa a unguwar ya san zancen Evelio da Baracoa. Tun Osmany yana ɗan saurayi tsohon yake kiwon tattabaru a saman benen da ke manne da nasu. Ya ci tseren Camagüey, ya ci na Holguín, amma Baracoa, can ƙarshen tsibiri, ta ƙi shi. Duk shekara sai ya aika tattabarunsa a sake su can su dawo gida, duk shekara sai ya zauna yana kallon sama har wuyansa ya ƙage. Wasu shaho ya ɗauke, wasu teku ta cinye. Ɗaya ce ta taɓa dawowa, bayan kowa ya manta da ita, fiffike a karye.

Ceniza ya daɗe yana nema. Ya haɗa wannan namiji da waccan mace, ya zubar, ya sake haɗawa, har ta fito. Yakan ce masu saurin nan masu faɗin ƙirji na gajeren zango ne, rana na yin tsaka sun gaji. Ta dogon zango matsakaiciya ce, ba nauyi a hannu, gashinta laushi kamar auduga, dogayen gashin ƙarshen fiffike sirara. Kuma ba ta faɗa a kwando. Sauran suna tsattsagar juna a mota suna ƙona ƙarfinsu, ita ta sha ruwa ta yi barcinta. Abu na ƙarshe kuwa, in ji shi, hannu ba ya gane shi, wato ko tana son gidanta fiye da yadda take tsoron hanya. Wannan sai an sake ta.

Bana ce shekararta. Bana kuma ciwon huhu ya kwantar da Evelio, likita ya ce wa 'yarsa Idalmis ta mayar da shi gida ya huta a gadonsa. Tun da ya kasa hawa matakala, Osmany ke tsallaka katanga ya ba tattabarunsa masara da wake, ya share musu. Da safen nan Evelio ya riƙe masa hannu ya ce ya kai Ceniza, tana kan ƙwai, za ta yi ɗokin dawowa gida, ba lokacin da ya fi wannan.

Osmany ya tsaya bayan rumfa yana tunanin gadon Evelio da aka jawo bakin taga. In hadarin nan ya tare tattabarun a kan duwatsun gabas, tsohon zai ƙare kwanakinsa yana kallon sama wayam, kamar sauran shekarun, sai dai wannan karon babu baɗi.

Ya koma ciki ya ja Remberto gefe. Ya ce ba za ta je ba, kuma yana roƙon kada maganar ta fita daga rumfar nan. Remberto ya buɗe aljihun tebur ya ciro tsohon zoben roba ya ajiye masa don a sa mata kamar ta je, ya ce shi bai ga komai ba, kuma a ganinsa ba daidai ba ne.

Washegari da sassafe Osmany ya ɗaure kwando a bayan babur ya tafi Jaruco, inda ƙanwarsa take aure. Tafiya ce da tattabara za ta yi kafin kofi ya huce. Ya gaya wa mijin ƙanwar ya sake ta ranar Lahadi da hantsi, lokacin da na baya-bayan tseren suke isowa. Ya nanata masa a ba ta ruwa, abinci kuwa ɗan kaɗan, kada ta ƙoshi. Mijin ya ce ya ji. Ƙanwar tana bakin murhu tana cewa wace irin mugunta ce a kawo baƙuwa gida a hana ta abinci.

A lissafin Osmany abin mai sauƙi ne. Tsohon zai gan ta ta taga tana sauka, shi kuma ya leƙo ya ce ta iso. Shi ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Kullum da la'asar yakan shiga wurin Evelio ya zauna a kujerar da ke gefen gado. Ɗakin yana warin magani da man zafi, daga ƙasa ana jin masu buga wasan domino a bakin shagon aski. Evelio ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma bakinsa yana nan. Ya tambaya ko ta sha ruwa kafin a rufe kwando. Osmany ya ce ta sha. Ya tambaya ko an sa ta kusa da mazan tattabarun Remberto masu faɗa. Osmany ya ce a'a, yana kallon ƙasa.

"Kai dai ba ka taɓa iya riƙe tattabara ba," in ji Evelio. "Kamar mai matse lemo. Allah ya sa ba ka karya min ita ba."

"Tsoho, wanda ya ciyar da Baracoa shekara da shekaru ne zai koya min?"

Evelio ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Idalmis ta shigo da gudu tana yi musu faɗa su biyun.

Ranar Asabar aka saki tattabarun a Baracoa. Hadarin da rediyo ya yi ta faɗa ya juya ya bi teku. Sama ta wayi gari tas, iska ma daga gabas take busowa, tana tura su gida. Osmany ya tsaya a saman bene yana kallon wannan sama. Kafin rana ta faɗi ta farko ta sauka a Guanabacoa da ke maƙwabtaka da su, sai ta Remberto, sai wasu. Evelio yana kwance yana lissafa mata hanya. Yanzu ta wuce Las Tunas. Yanzu tana kan gonakin rake. Ya ce Ceniza ba mai gaggawa ba ce, za ta kwana a kan wani rufi ta ƙarasa da safe, kada kowa ya damu.

Ranar Lahadi Osmany ya tsallaka katanga sai ya tarar da abin da bai sa a lissafi ba. Evelio yana saman bene, a kujerar katako, an lulluɓe shi da bargo duk da zafin rana. Wanzami da 'ya'yan maƙwabciya ne suka ɗauko shi da kujerar. Idalmis ta ce tun asuba ya hana ta sakat, wai ba zai tarbi tattabarar Baracoa a kwance ba. Ta kawo kofi a ƙananan kofuna. Matan gidan ƙasa ma sun hau, ba wadda ta san komai game da tsere, sun dai zo taya tsohon jira.

Osmany ya karɓi kofi ya kasa sha. Jirgin fito ya bar gaɓa ya nufi Havana, ya dawo. Sannan wani ɗigo ya bayyana ta gabas.

Tattabarar da ta yi doguwar tafiya faɗowa take yi kamar dutse. Ceniza ta zo ta kewaya bene, ta sake kewayawa, tana wasa da iska, sannan ta sauka a kan katakon ƙofa tana gyara gashi. Matan suka sa guɗa. Idalmis ta rufe fuska da hannu tana kuka tana cewa, "Baba, ta zo." Wanzami ya ruga ƙasa ɗauko kwalbar giyar da ya ce ya ɓoye don wannan rana.

Evelio ya miƙa hannu biyu. "Kawo ta."

Osmany ya ce a bar ta ta sha ruwa tukuna, ta gaji. Tsohon bai sauke hannunsa ba. Ba yadda zai yi, ya shiga ya kamo ta ya ɗora masa.

Yatsun Evelio sun san hanya. Ya shafa ƙirjinta, inda ya kamata nama ya zube ƙashi ya fito. Ƙirjin a cike yake. Ya buɗe fiffike ya duba. Ya juya ƙafafun, tas da su. Sannan ya taɓa ƙasan wuyanta, inda tsaba take taruwa, ya ɗan murza. Osmany daga inda yake tsaye ya ji ƙwayoyin masara suna gogar juna.

Tsohon ya ɗago ya dubi 'yarsa da ke rungume da maƙwabciya. Ya ce mata ta je ta ƙaro kofi, yau ranar sha ce. Da ta sauka, matan suka bi ta, ya yi wa Osmany alama ya sunkuyo.

"Ina ta kwana?"

"Jaruco."

"Ka gaishe min da ƙanwarka. Ta iya kiwo."

Osmany ya fara bayani, rediyo, hadari, duwatsu. Evelio ya girgiza kai kaɗan ya katse shi. Ya tambaya ko na sauran sun dawo. Osmany ya ce yawancinsu sun dawo. Ya tambaya yaya hanya ta kasance. Osmany ya ce lafiya lau, iska ma a bayansu take.

Evelio ya daɗe yana shafa bayan Ceniza da babban yatsa.

"Da ta ɓata, da na san ban iya ba," in ji shi a hankali. "Da ta zo, da na san na iya. Yanzu fa, ɗan'uwa?"

Tsohon ya zare zoben robar daga ƙafarta da kansa, ya miƙa masa ita ya ce ya mayar da ita kan ƙwanta. Wanzami ya dawo da kwalba, Evelio ya bari aka ɗiga masa a leɓe, har ya yi murmushi da aka ce Baracoa ta sha kashi.

Evelio bai sake hawa bene ba. Osmany ya ci gaba da shiga da la'asar, tsohon bai kore shi ba, bai kuma sake tsokanarsa ba. Sukan yi maganar zafi, da tsadar masara, da mai shagon da ya mutu bara. In Osmany ya buɗe baki zai koma kan wancan zance, sai Evelio ya rufe ido kamar barci ya ɗauke shi. Wata safiya, mako bai cika ba, Osmany yana share ɗakin tattabaru ya ji kukan Idalmis daga ƙasa. Ya jingina tsintsiya a bango ya zauna a ƙasa.

A wurin zaman makoki Idalmis ta riƙa gaya wa duk wanda ya shigo cewa ko ba komai mahaifinta ya ga abin da ya jira duk rayuwarsa. Ta riƙe hannun Osmany ta ce shi ya yi masa wannan, ba za ta manta ba. Remberto yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu, yana kallon takalminsa.

Bayan wata guda Idalmis ta ce ba za ta iya da tattabaru ba, rufin ma yana yoyo, za a gyara. Ta ba Osmany su duka. Kafinta ya zo ya ɓalle ɗakin tattabarun, aka sauke katakan da igiya. Inda ɗakin ya tsaya shekara da shekaru ya bar wani fili a kan siminti, ya fi sauran haske.

Sauran tattabarun suka saba da sabon wuri. Ceniza kuwa, kullum Osmany ya buɗe mata da safe, sai ta tsallaka katanga ta sauka a tsakiyar wannan fili. Ba inuwa a wurin, ba ruwa. Takan tsaya nan, ta ɗaga ƙafa ɗaya, har rana ta yi zafi. Osmany yakan jingina da katanga da gwangwanin masara a hannu, bai kaɗa shi ya kira ta ba, yana jira ta gama.