Lambar Alkasim

Kadijatu tana sussukar gero wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar murya ce, iska na kaɗa ta.

"Sunana Alkasim. Ramin zinariya ya rufta da mijinki Laminu jiya. A bakin ramin muka yi masa salla. Ki yi haƙuri."

Layin ya yanke. Ta daɗe tsaye da taɓarya a hannu, kaji na cin geron.

Da ta fita takaba sai ta je wajen Na Allah, wan mijinta, kan maganar gonar hanyar Urafane, wadda ita ke ciyar da 'ya'yanta uku.

"Yaya, damina ta matso."

"Wa ya ga gawa?" in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Ƙanena na da rai sai an kawo mini shaida. Ba a raba gadon mai rai. Ni zan riƙa noma masa."

Ya noma kuwa. Hatsin ya shiga rumbunsa.

* * *

A kasuwa ta ji akwai wani ofis a Tasawa inda masana doka ke taimakon talaka kyauta. Ta hau kabu-kabu ta je. Ma'aikaciyar, Madam Dabora, ta ba ta ruwa, ta saurare ta har ƙarshe.

"'Yar'uwa, gonar nan haƙƙinki ce ke da yara. Amma alƙali sai ya ga takardar mutuwa, ita kuma sai da wanda ya gani da ido."

"In babu fa?"

"Sai a rubuta ya ɓata. Wannan shekaru yake ci."

"To Madam, ni yanzu mece ce? Matar aure, ko wadda mijinta ya mutu?"

Dabora ta kira lambar Alkasim da tata wayar. Wata mace ta amsa da Faransanci: ba a samun mai lambar. Ta rubuta lambar da manyan baƙaƙe a kwali ta miƙa mata.

"Ranar da ya ɗauka, ki kira ni nan take."

* * *

Damina biyu ke nan. Kullum in ta dawo daga rijiya, Kadijatu tana hawa tudun bayan gari inda rezo, wato layin waya, ke kamawa. Daga can ana hango gonar, da shanun Na Allah a ciki. Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar kowace lamba. Takan danna su ɗai-ɗai, ta saurari matar nan mai Faransanci har ta gama, sannan ta ɗaure wayar a bakin zane ta gangara gida.