Katakon Gindin Bango

"Mina, danne min wancan bakin," in ji Yosuwa.

Kunu na kawo wa matarsa Liya, maƙwabciyata, sai na iske shi durƙushe a ɗaki, dogon katako kwance a gindin bango. Shekara ashirin ya yi yana aiki ƙarƙashin ƙasa a nan Akokan kafin a rufe ramin haƙar uraniyom. Yanzu tari ya mai da shi kamar kara.

Ban taɓa katakon ba. "Baba Yosuwa, ina ka samo shi?"

"An ba ni."

"Wa?"

Ya ci gaba da gwajinsa. A unguwarmu kowa na tsoron abin da ya fito daga wajen haƙar uraniyom, ko ƙarfe ko ice. Ana cewa ciwo na maƙale a jikinsu.

Daɓen ɗakin tudu da kwari ne, bangon ma ya yi ciki. Ya ja fensir yana bin daɓen, ya fere katakon daidai zanen, ya gwada, ya sake ferewa. Inda bango ya lotsa ya cusa ɓallin ice kafin ya buga ƙusa. Ƙusa biyu, sai ya zauna yana haki.

"Mutum ba lafiya, ina ruwansa da ado?" na ce.

"Ba ado ba ne, ɗiyata. Ta tsagar nan kunama ke fitowa. Liya ba ta gani sosai yanzu. Wa zai riƙa duba mata?"

Liya ta juya fuska bango.

Da na gaya wa mijina Hamadi, ya ce, "Na ramin ne, shi ya sa yake ɓoyewa. Kada ki ƙara shiga." Kwana tara ina miƙa kunu daga bakin ƙofa, ina jin gudumar na rage ƙarfi. Ranar Talata da hantsi Liya ta kira sunana sau ɗaya, na gane Yosuwa ya cika.

Wajen gaisuwa, faston cocinsu ya shafa katakon ya ce, "Bencinmu ne na baya. Tun da mutane suka watse ba mai zama kansa. Shi ya ce kada in faɗa, ba ya so a ji mun ragu haka."

Kunya ta rufe ni. Hamadi ya sunkuyo ya raɗa min, "To shi bencin, da icen ina aka yi shi?"

Da aka ɗauki gawar na riƙe hannun Liya har ƙofar cocin, na tsaya daga waje. Mutum goma sha ɗaya na gani a ciki, suna waƙa a hankali, wata tsohuwa tana yi wa Liya fifita da gefen mayafinta.