Hannun da Iya Dot Ta Sa

Malama Narelle ba muguwa ba ce, kowa a garin zai shaida. Mace ce dai mai son yabo, kuma shekara biyu a jere 'yan ajinta na uku ne ke zuwa can baya a jarrabawar ƙasa ta karatu da lissafi. Shugaban makaranta bai taɓa yi mata faɗa ba. Takardar sakamakon kawai yake kallo ya yi ajiyar zuciya, ita kuwa gara mata zagi da wannan.

Da watan Maris, watan jarrabawar, ya matso, ta bi sunayen 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kan Tahlia. Yarinyar shekararta takwas, bakinta kamar rediyo, amma in aka miƙa mata littafi sai ta bi layi da yatsa tana ƙaga labarin daga hotuna. An yarda iyaye su cire ɗansu daga jarrabawar in sun so. Narelle ta tare kakar yarinyar, Iya Dot, a bakin ƙofar makaranta da takarda a hannu.

"Mama, kada mu wahalar da ita bana. Jarrabawar nan firgita yara kawai take yi. Sa hannu a nan, ta huta a gida."

"Ke kika san aikinki, 'yar nan," in ji tsohuwar. Ta ɗora takardar a kan motarta ta sa hannu.

Sakamako ya zo a tsakiyar sanyi, ajin ya ɗan ɗaga. Shugaba ya yaba mata a gaban malamai, ta ji daɗi har cikin ranta. Daɗin bai cika mako ba, sai aka turo malamar da za ta riƙa zama da yaran da karatu ya gagara, gurbi shida kacal. Kowane yaro yana da baƙin ɗigo a takardar sakamakonsa mai nuna inda ya tsaya, waɗanda ɗigonsu ya fi sauka ƙasa su za a ɗauka. Tahlia ba ta da takarda balle ɗigo.

Narelle ta je ofishin shugaba ta roƙa a sa Tahlia.

"Ranka ya daɗe, duk cikin shidan nan babu wanda ya kai ta buƙata."

"Na yarda. To me zan nuna musu? Ka'idar daga sama ta zo. Kakarta ce ta cire ta, ko ba haka ba? Sai ta kai aji biyar ta yi wata jarrabawar."

Narelle ta ce haka ne, ta fito. Shekara biyu ke nan yarinyar za ta yi tana bin hotuna. Kunya ta hana Narelle sakat, ko ido ba ta iya haɗawa da Tahlia a aji.

Ranar ganawa da iyaye Iya Dot ta zo da kwalbar zuma, ta ajiye a tebur.

"Ga wannan, na gode da kika tausaya mata. Ta ce ƙawarta tana zuwa wani ɗaki da ake koya musu karatu. Ita yaushe za a kira ta?"

Narelle ta so ta kawo wata ƙaryar, bakinta ya ƙi. Ta faɗi komai, har da dalilin da ya sa ta kawo takardar nan, tana kallon ƙasa.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Da faɗa ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Ni ban iya karatu ba, Malama. Sunana kawai na iya rubutawa. Shi ya sa nake kawo ta wurinki." Ta laluba jakarta ta fito da biro. "To, kawo takardar da zan sa hannu a mayar da ita."

Narelle ta dubi biron. Babu irin wannan takardar.