Kwamfutar da Shatu Ta Ɗinka wa Riga

A shekarar 2004 Malam Amadu, malamin lissafi da ke koyarwa a Dutsi, ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Kano ya kawo gidansa na Daura. Ɗakin matarsa Shatu aka ajiye ta, kusa da keken ɗinkinta, domin nan ne kaɗai soket mai lafiya yake.

Sati biyu tana aiki lafiya lau, sai ta tsiro da wani hali. A kunna ta, ta yi minti goma, ɗif, ta mutu. Sau uku Malam yana ɗaure akwatinta a bayan babur ya kai wa Kalilu mai gyara a bakin tasha. Can kuwa sai ta wuni tana aiki kamar ba ita ba. A dawo da ita gida, ta koma halinta. Ranar wata Talata ma ta ƙi tashi sam, sai wani kuka take, ƙit ƙit ƙit, ga tambayoyin jarabawar ɗalibansa duk suna cikinta.

Da hantsi Shatu ta ji sallama a waje. Kalilu ne, Malam ya aika masa ya zo gida ya duba kwamfutar. Da can shi ke haɗa wayoyi a wani gidan kallo, da aka rufe gidan bayan zuwan Shari'a sai ya koma gyaran kwamfuta. Iya, mahaifiyar Malam, ta leƙa ta ce masa maigidan ya tafi Dutsi, sai la'asar.

"To Iya, ba zan shiga ba tunda ba ya nan," in ji Kalilu. "Kuma kada a fito da kwamfutar. A inda take ciwo nake son a duba ta. Bari in zagayo ta taga, a samu wanda zai zama hannuna."

Iya ta ce ita ko rediyo ba ta taɓawa. Sai Shatu ta ce ita za ta yi. Ta zura hijabi, ta saki labule, ta durƙusa gaban akwatin. Kalilu ya tsaya a lungu ya jingina da bango.

"Matar Malam, kunna ta ki sa hannu ta bayanta. Kina jin iska na fitowa?"

"Ina iska za ta fito? Ai da rigarta."

Kalilu ya matso kusa da taga.

"Rigar wa?"

"Rigar kwamfutar mana. Ni na ɗinka mata, da ragowar karan-miski, har da soso a ciki saboda ƙura. Da zif ɗinta ma. In Malam zai kai maka ita nakan cire, kada ta yi datti a hanya."

Sai ta ji wani abu ya bugi bango. Kalilu ne ya zame ƙasa yana dariya har da tari. "Wayyo cikina! Wata guda ina neman ciwon nan! Na sake mata waya, na sake mata batir, ashe baiwar Allah zufa ce ke kashe ta!"

Shatu ta rufe fuska da hijabi, kunya ta kama ta, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Iya ma tana daga bakin gado tana cewa, "Ni dai na ce wannan abu a watan zafi ko amarya ba a lulluɓa haka."

Aka tuɓe riga. Kwamfuta dai ba ta fasa kukanta ba. Kalilu ya ce ta kashe, ta zare waya daga soket, ta nemo sukudireba. Ta ɗauko na kekenta. Kusoshi biyu ta kwance, murfin ya zame, ta leƙa ciki ta yi salati.

"Me kika gani?"

"Gari guda! Ga tituna, ga gidaje. Ga kuma wata 'yar fanka ta naɗe da zare, ja da kore. Wallahi zarena ne!"

Da tsinken tsifar kai ta riƙa zaro zaren da tarin auduga, tana hurawa, tana atishawa, har fankar ta juya da ta taɓa ta da yatsa. Daga nan Kalilu ya ce ta nemi wani ɗan falle dogo mai kama da matajin kai, a tsaye, maƙale da 'yan kunnuwa farare biyu. Ya ce jijjigar babur ce ta sassauta shi, shi ya sa take kuka. Ta danna kunnuwan, fallen ya yi tsalle ya faɗo mata a cinya.

"Na karya! Iya, na karya wa Malam!"

"Ba ki karya ba," in ji Kalilu. "Goge haƙoransa da abin goge fensir, ki mayar, ki danna har ki ji ƙas."

Ta goge, ta mayar, ta danna. Ƙas. Ta mayar da waya, ta yi bismilla, ta taɓa maɓalli. Ƙara ɗaya tak, ƙit, sai fanka ta ɗauka, rubutu ya fara gudu a gilashi.

Shatu ba ta san lokacin da ta miƙe ta rangaɗa guɗa ba. Maƙwabciyarta Hasana ta faɗo gidan da ludayi a hannu tana tambayar wa ya haihu. Iya ta ce, "Injin Amadu ne ya farfaɗo, kuma Shatu ce likitar." Suka zauna su uku suna kallon agogon bango. Minti goma ya wuce, ashirin, awa guda, ba ta mutu ba. Kalilu ya sha kunun zaƙin da aka miƙa masa ta taga, ya tafi yana ta maimaita "da zif ɗinta ma" shi kaɗai a lungu.

Da la'asar Malam Amadu ya shigo a gajiye, ya tarar da kwamfuta a kunne, matarsa a kan kujerarsa, sukudireba a soke a ɗankwalinta. Ya tsaya baki buɗe.

"Kalilu ya zo ke nan?"

"Ya zo, ya tsaya a taga," in ji Shatu, tana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Malam, wannan rediyon naka da ya daina magana tun bara, ina ka ajiye shi?"