Ɗan Azumi a Kan Dutsen Ƙanƙara

Hoton da Ɗan Azumi ya turo garinsu Madarunfa daga Faransa ya tayar wa uwarsa Zuwaira hankali. Ga shi kan dutse cikin ƙanƙara, yana dogara sanduna biyu kamar tsoho. Nan take ta sa aka kira mata shi a waya.

"Ƙafar ce? Ko korar ku aka yi?"

"Lafiyata lau, Inna. Wuni muka yi muna hawa don mu ga wani tabki."

"Da kifi ciki?"

"Babu."

"To, kabarin waliyyai ne a can, irin na bakin tabkinmu?"

"Kallo kawai muka je."

Zuwaira ta dubi rumbun da ya tafi ya bar mata yana yoyo.

"Kai ne fa na ce ka hau ka gyara jinka, ka ce tsani na sa ka jiri."