Motar da Ba Ta Shan Mai

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar direbobin dako ta bakin Babbar Kasuwar Njamena ya ji Baba Inusa yana yabon motarsa, ya ji har ya gaji. Tsohuwar akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, fentinta ya koɗe, ƙofar direba ma da igiya ake ɗaure ta. Amma ka kuskura ka yi mata dariya, ranar ka shiga uku.

"Wannan? Ai ba ta shan mai," in ji shi. "Sansana shi kawai take yi!"

Allurar mai ta daɗe da mutuwa, da kara yake auna tankin. Kuma ba ƙarya yake yi ba, sau da yawa in ya tsoma karan ranar Asabar sai ya ga fetur ya fi yadda ya zata. Sai ya shafa jikin motar ya ce albarka ce.

To, albarka ko ba albarka ba, inji dai ya tsufa. Wata rana ya buga a hanyar unguwar Atrone, da buhunan gero a baya. Buba bakanike ya buɗe shi, ya leƙa, ya ce, "Baba, wannan kam ya gama aiki."

'Ya'yan Baba Inusa har da hamdala. Dama sun daɗe suna cewa ya ajiye sitiyari ya huta. Shi kuwa zaman gida yake tsoro. Ya ga yadda abokansa suka koma bayan sun daina fita, ana kai musu abinci ana daidaita musu tabarma kamar marasa lafiya. Da ƙyar suka yarda a gwada gyaran motar sau ɗaya, in abin bai yi ba ya haƙura.

Buba ya karaɗe gari ya samo inji ɗaya tak da zai shiga, na wata mota da ta kife, amma mai shan gazwal ne, wato gas, ba fetur ba. Aiki ya ci makonni. Ya yanke mazaunin tsohon injin ya yi waldar sabo, ya daidaita giya, ya wanke tanki, ya canza tiyo da matatar mai, ya sa babban batir. Baba Inusa yana tsaye a kansa kullum yana ba shi shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Ranar wata Juma'a injin ya tashi. Buba ya zuba gazwal kaɗan na gwaji, suka tafi masallaci tare.

A Atrone, inda masallacin yake, Baba Inusa yana da wurin ajiye mota duk Juma'a, gefen teburin Mairama, wata bazawara mai sayar da fetur a kwalabe.

"Baba Inusa! Lafiya kuwa? Har na fara tambaya ko ciwo ne ya kwantar da ku."

"Motar ce ta yi jinya, 'yar nan. Sabon inji aka sa mata. A sa mini ido a kanta."

"Kamar kullum, Baba."

Bayan an idar da salla suka ɗauki hanya. Ba su yi nisa ba injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dakan hatsi a cikinsa, farin hayaƙi ya turnuƙe baya.

"Kashe, Baba! Kashe ta!"

Buba ya sauka ya buɗe tanki ya sansana, fuskarsa ta canza. "Fetur ne. Wani ya zuba fetur, kuma da yawa. Irin wannan injin fetur guba ne gare shi. Sai mun zubar mun gwada kafin mu san ko ya rayu."

Kai, ranar mutanen unguwa sun ji muryar Baba Inusa! Ya ce hassada ce, ya ce ya san masu baƙin ciki da shi a rumfar kasuwa, zai kira sunansu ɗaya bayan ɗaya. Buba ya tsayar da ɗan acaɓa ya aike shi ya sayo gazwal da murfin tanki mai makulli. Shi kuwa tsohon ya koma da ƙafa wurin Mairama yana huci.

"Ke na bar wa amana! Wa ya taɓa motata?"

"Ba wanda ya taɓa ta, Baba."

"To, aljani ne ya zuba mata fetur? Injin gazwal ne! An kashe ni!"

Mairama ta dafe ƙirji. Ta dubi ƙarƙashin teburinta, shi ma ya duba. Kwalabe ne a jere, duk babu komai a ciki.

"Innalillahi. Ni ce, Baba. Wallahi ban san an canza mata abinci ba."

"Ke? Me na yi miki?"

"Kun manta daminar da mijina ya rasu? Laka ta rufe unguwar nan, ba motar da ta yarda ta shigo. Ku kuka shigo har ƙofar gida kuka kai shi makwancinsa. Na zo yin godiya da ɗan abin hannuna, kuka kore ni kuna faɗa." Ta share ido da gefen mayafi. "Shi ne duk Juma'a in kun shiga masallaci nake zuba mata kwalba guda. Na juma'o'in da ba ku zo ba na tara, yau na juye mata su duka."

Baba Inusa ya sake duban kwalaben. Ya tuna karan awo, ya tuna shekarun da ya yi yana cika baki a rumfa. Kunya ta kama shi, godiya ta cika masa ciki. Sai ya juya ya nufi inda motar take. Mairama ta bar teburinta ta bi shi a baya.

Sun tarar Buba ya zubar da tankin, ya canza matata, yana fitar da iska daga tiyo. Ya ce, "Bismillah, Baba, murza."

Ya murza. Injin ya yi tari ya mutu. Mairama ta tsuguna a bakin titi ta rufe fuska. Ya sake murzawa. Tari, tari, sai ga baƙin hayaƙi ya fito, ƙarar ta daidaita, motar tana girgiza a hankali.

"Alhamdu lillahi!" in ji Buba. "Allah ya so mun kashe da wuri." Ya miƙo sabon murfin. "Ga shi, Baba. Daga yau ba mai buɗe tankin nan sai mai makulli."

Baba Inusa ya juya murfin a hannu, ya dubi Mairama wadda har lokacin ba ta ɗago kai ba.

"Mayar mini da tsohon murfina."

"Haba, Baba!"

"Na ce ka mayar. Tashi, 'yar nan. Allah ya ji ƙan mijinki, ya raya miki 'ya'ya. Na gode. Wallahi na gode."

Juma'ar da ta zagayo ya ajiye mota a wurin da ya saba. A ƙarshen teburin Mairama, bayan kwalaben fetur, akwai wata guda ta gazwal da ta bambanta da sauran, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ya gan ta sarai. Ya gyara hularsa ya ce, "A sa mini ido a kanta," ya wuce masallaci bai waiwaya ba.